"Kowa da kiwon da ya karɓe shi": ta isa ta rufe bakin mai sukar wasan bidiyo?

Maizane:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai karin maganar da ta zama garkuwa a bakin masu buga gem. Da zarar wani ya ce zanen wasa kaza bai yi ba, ko ya ce masu wasa kaza sun wuce gona da iri, sai a jefo masa "kowa da kiwon da ya karɓe shi", shi ke nan an tashi taro. Abin da ake nufi shi ne, abin da ya yi maka ba lallai ya yi wa wani ba, mai ƙirƙira kuma yana da ikon yin abin da ransa ya so. To amma a bakin manya maganar tana da jela: "Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." In an haɗa da jelar, goyon bayan mai kura take yi ko ba'a take masa? Don in ba'a ce, masu kafa hujja da ita wuƙar yanka kansu suke wasawa.

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya Maizane, ina cikin masu jefa ta, kuma ba zan daina ba. Dubi Minecraft. Komai a cikinsa murabba'i ne, rana murabba'i, tunkiya murabba'i, har kan mutum. Wanda ya saba da wasannin da ake ganin gumi a goshin ɗan ƙwallo zai ce wannan aikin yara ne. Amma an sayar da fiye da kwafi miliyan 300, Microsoft kuma ta sayi kamfanin da ya yi shi kan dala biliyan 2.5 a 2014. Duk mutanen nan makafi ne?

Wanda ma ya fi wannan shi ne Wind Waker, ɗaya daga cikin jerin wasannin Zelda. Da Nintendo ta nuna sabon Zelda a 2001 da zane irin na katun, magoya baya suka yi ca, don shekara guda kafin nan an nuna musu wani gwaji mai kama da gaske, suka sa rai. Wasan ya fito a Japan a ƙarshen 2002. Da aka sake fitar da shi a 2013, zanen da aka yi wa dariya shi aka koma yabo, ana cewa bai tsufa ba. In kyau abu ne tsayayye, ya aka yi ya sauya cikin shekara goma alhali ba a sauya salon zanen ba?

Tsohon Malami:
Ɗan Auta, yaro na, ka kawo misalai masu kyau amma ba ka amsa tambayar yayanka ba.

Wannan tana cikin karin magana masu ɓari biyu, irin su "abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki". Ɓarin farko magana ce da kowa zai gyaɗa mata kai. Ɓari na biyu ba bayani ba ne, gatse ne, yana ɗauko maganar ya dasa ta a wurin da za ta ba da dariya ko ta ba da tsoro. Da mai hikimar yana son ya ce a bar kowa da zaɓinsa kawai, sai ya ce wani ya sayi tunkiya wani ya sayi saniya. Bai ce haka ba. Kura ya zaɓa, kuma ya ajiye ta a jikin katangar mai akuya.

Amma ku lura, bai ce son kura laifi ba ne. Kiwon ya karɓi mai shi da gaske. Abin da ya nuna shi ne akwai wani a bayan katanga. Saboda haka ni a ganina maganar tana ɗauke da hukunci biyu, na sha'awa da na maƙwabtaka. Tunkiyar Minecraft mai kusurwa huɗu ba ta cin akuyar kowa, don haka a kanta ɓarin farko ya wadatar.

Goggon Yara:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ga inda akuyar ta fito fili. A watan Oktoba na 2008 Sony ta ɗage fitar da LittleBigPlanet a duniya baki ɗaya, ta janye fayafayan da aka riga aka raba wa shaguna, saboda an gano ɗaya daga cikin waƙoƙin da ke ciki tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. Shekaru goma kafin nan ma Nintendo ta cire wani sauti mai kama da addu'ar Musulmi daga wani sashe na Zelda na 1998 a bugun da suka biyo baya. Da kamfanonin nan sun ce "kowa da kiwon da ya karɓe shi" suka ci gaba, za mu yarda?

Ɗan Auta:
Goggo, ba zan ja da ke a kan wannan ba. Sai dai mai waƙar ta LittleBigPlanet, Toumani Diabaté, makaɗin kora ɗan Mali, shi kansa Musulmi ne, ba da niyyar wulaƙanci ya yi ba. Kin ga ko a cikin gida ɗaya ba a haɗu a kan mene ne akuya ba.

Damuwata ke nan da fassarar Malam. In aka buɗe wannan ƙofa, kowa sai ya wayi gari da akuya. A Jamus an daɗe ana barin finafinai su nuna tambarin 'yan Nazi saboda doka ta ware ayyukan fasaha, amma ana hana wasannin bidiyo yin haka. Wolfenstein II na 2017 wasa ne da ake yaƙar 'yan Nazi daga farko har ƙarshe, amma a bugun Jamus sai da aka cire tamburan, aka aske wa Hitila gashin baki, aka sauya masa suna. Wa aka kare? Sai a Agustan 2018 hukumar tace wasannin ƙasar ta amince a riƙa duba su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake wa fim.

Lauyan Zaure:
Ina ganin mun cakuɗa abu uku: abin da doka ta hana, abin da mutunci ya hana, da abin da ido ya ƙi. Kotun Ƙolin Amurka ta raba na farko da na ƙarshe a 2011, lokacin da ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasanni masu zubar da jini. Alƙalai bakwai suka rinjayi biyu. Mai shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce wasan bidiyo yana isar da saƙo kamar littafi da fim, don haka yana da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma a cikin hukuncin ya yarda ƙarara cewa karanta Dante, tsohon mawaƙin Italiya, ya fi buga wasan faɗa na Mortal Kombat gina hankali, sai dai wannan bambanci ba hurumin tsarin mulki ba ne.

Wato bai ce duk ɗaya suke ba. Cewa ya yi gwamnati ba ita ce alƙalin kyau ba. Masu jefa rabin karin maganar nan suna ɗaukar ikon yin abu tamkar kariya daga suka, alhali ikon da ya ba ka damar sayen kura shi ya ba maƙwabci damar cewa kurarka mummuna ce.

Sannan Mortal Kombat ɗin nan, shi da wasu, su suka jawo zaman majalisar dattawan Amurka a 1993, har masana'antar ta kafa hukumar ESRB a 1994 tana rubuta shekarun da suka dace a jikin kwali. Turai ta yi nata, PEGI, a 2003. Ba a kashe kurar ba, takunkumi aka sa mata.

Maizane:
Barista ka zo kusa da inda ke min ƙaiƙayi. Ni aikina zane ne, kuma abin da ke ƙona min rai shi ne a ce wai babu gwani babu ɗan koyo tunda kowa da abin da yake so. Ai akwai wata karin maganar da ke tsaye a gaban wannan: ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Ku ɗauki Return of the Obra Dinn na 2018, wanda Lucas Pope ya yi kusan shi kaɗai. Launi biyu ne kacal a allon, kamar tsohuwar kwamfuta. Kana iya cewa ba ya burge ka, ba wanda zai hana ka. Amma ba za ka ce bai iya ba, domin wasan gaba ɗayansa gane fuskoki ne, kana bin makomar mutum 60 na wani jirgin ruwa kana tantance wane ne wane, kuma da launi biyun nan ya sa kowace fuska ta fita daban. Zaɓi ne, kuma ya biya buƙata. Ku gwada shi da Cyberpunk 2077 lokacin da ya fito a Disambar 2020, ga launuka kamar bakan gizo, amma a tsofaffin na'urori mutane na nutsewa cikin ƙasa, motoci na tashi sama, har Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu. Wanda ya ce wannan ma sha'awa ce, rainin hankali yake yi. Ƙin salo daban, ganin aiki bai nuna ba daban.

Mai Shiru:
Ina bin ku a hankali. Duk kun ɗauka an gama yarda cewa wasan bidiyo fasaha ce kamar zane ko waƙa. Roger Ebert, shahararren mai sharhin finafinai na Amurka, ya rubuta a 2010 cewa ba za ta taɓa zama ba.

Ɗan Auta:
Gani ya kori ji. Bayan 'yan watanni shi da kansa ya rubuta cewa bai kamata ya yanke hukunci a kan abin da bai buga ba, ko da yake bai janye ra'ayinsa ba. A 2012 kuma gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa, har da Pac-Man da Tetris da Dwarf Fortress, wanda a lokacin da haruffa da alamomin rubutu kawai ake zana duniyarsa.

Tsohon Malami:
Kada ka yi saurin binne mutumin nan, Ɗan Auta. MoMA a sashen gine-gine da tsara kayayyaki ta ajiye wasannin, ba tare da zanen bango ba. Kuma hujjar Ebert ba ta banza ba ce. Cewa ya yi fasaha tana buƙatar mai ita ya riƙe linzami, ya kai ka inda ya nufa, shi kuwa wasa yana miƙa linzamin ga mai bugawa. Ban yarda cewa wannan ya fitar da wasa daga fasaha ba, amma ya taɓo wurin da karin maganarmu take ɗingishi.

A karin maganar, mai kiwo ɗaya ne, maƙwabci yana waje. A wasan bidiyo mai bugawa ba ɗan kallo ba ne, da hannunsa ake kiwon. Shi ya sa rigimar Mass Effect 3 ta yi zafi a 2012. Mutane sun kwashe wasanni uku tun 2007 suna yanke shawara, an ce musu zaɓinsu zai yi tasiri, sai ƙarshen ya zo kusan iri ɗaya ga kowa. Suka tayar da ƙura, BioWare, masu wasan, ta fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yuni. Wasu suka ce an ci mutuncin marubuta, wa ya taɓa tilasta wa mai littafi ya sake babin ƙarshe? Wasu suka ce ai labarin namu ne mu ma. A nan ban san wa zan kira mai kura ba, ban san wa zan kira mai akuya ba, don a garke ɗaya suke.

Goggon Yara:
Malam, a nan kam wata karin maganar ce ta fi dacewa: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin mutane da alƙawarin cewa zaɓinsu zai yi aiki, ba zai dawo ya fake da 'yancin fasaha ba. Kuma mu daina yi kamar masu zanen nan sakaka suke. Babban wasa ɗaruruwan mutane ke yin sa, da kuɗin kamfani, kamfanin kuma riba yake nema. Sau da yawa kiwon da ake cewa ya karɓi mai zane, sashen talla ya karɓa.

Lauyan Zaure:
To ga wadda ta fi ɗaure min kai. Lokacin da Sekiro ya fito a 2019 an yi ta gardama kan ko ya kamata FromSoftware, masu wasan, ta sa matakin sauƙi. Shugabanta Hidetaka Miyazaki ya sha nuna cewa shan wuya da cin nasara bayan faɗuwa shi ne zuciyar wasanninsa. Masu ja da shi suka ce akwai masu larurar hannu ko ido da aka rufe wa ƙofa. Shekara guda bayan haka The Last of Us Part II ya zo da saituka fiye da 60 don masu larura, har makafi suka iya kai shi ƙarshe. Wanda bai iya buga Sekiro ba, an ci akuyarsa ne, ko kuwa kiwon ne bai karɓe shi ba?

Maizane:
Ni dai na raba su. Sauya maɓallai don mai hannu ɗaya, ko ƙara girman rubutu, bai taɓa zuciyar wasa ba, wanda ya ƙi yi ba shi da uzuri. Amma a ce dole dodon ƙarshe ya mutu da sara biyu, wannan shiga gonar mai zane ne.

Ɗan Auta:
Yaya, ai ko su FromSoftware ɗin sun sassauta, suna dai jin nauyin faɗa ne. A Elden Ring na 2022 kana iya kaɗa ƙararrawa ka kira ruhohi su taya ka faɗa, in dodo ya gagare ka kuma ka hau doki ka tafi wani yanki ka ƙaro ƙarfi ka dawo. Ba inda aka rubuta "mai sauƙi" a allo. Yanzu sabuwar rigimar tsakanin masu bugawa ce, wai wanda ya kira ruhohi bai ci wasan da gaske ba. Goggo, ke da kike cewa ɗanki ya gama shi, ki tambaye shi ko shi kaɗai ya kayar da Malenia, dodon nan mai wuyar kayarwa.