Ƙugiya ce, karkiya ce, ko raba-nauyi?

1/ Jama'a, ina fassara takardar bayanin wani ƙarfe na jan tirela, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Turawa suna kiransa "weight distribution hitch". Ba tirelar manyan motoci nake nufi ba, ƙaramar nan ce da a-kori-kura ko jif ke ja a baya, irin ɗakin kwana mai taya da Amurkawa ke yawo da shi. Ina neman sunan da makanike zai ji sau ɗaya ya gane aikin abin.

2/ Ga aikin. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota, inda ake maƙala tirelar. Tirela mai kilo 3,000 ke nan za ta danna wurin da kilo 300 zuwa 450. Dunƙulen yana bayan tayoyin baya, saboda haka sai gindin mota ya durƙusa, goshinta ya ɗaga. Sitiyari ya yi sako-sako a hannu, birkin gaba ya rage kamu, fitilu su koma haska sama. Shi kuwa ƙarfen da nake nema wa suna yana da sanduna biyu masu tauri irin na sifirin, a ɗaure su da sarƙa ko a ɗora su kan maƙalai a jikin tirela. Suna aiki kamar hannuwan baro: su cicciɓi gindin motar, su mayar da wani nauyin kan tayoyin gaba, wani kan tayoyin tirelar.

3/ Shawarar farko da na samu ita ce ƙugiya. Ban karɓa ba. Ƙugiya maƙalewa kawai take yi, kuma duk wanda ya ɗauka abin nan maƙali ne, dunƙulen kaɗai zai riƙa dubawa, ya bar sandunan da ke shan wahalar. Mahaɗi ma haka, ya yi faɗi da yawa.

4/ Wani dattijon makanike ya rubuto cewa a kira shi karkiya. Baba, Allah ya ƙara girma, na kwana ina juya maganar nan, don ta yi mini daɗi a baki. Karkiya tana haɗa biyu su zama ɗaya wajen ja, kuma da gaske idan aka ɗaure sandunan, mota da tirela suna komawa kamar jiki guda. Inda na rabu da kai shi ne, karkiya tana haɗa majaya biyu da ke kafaɗa da kafaɗa. A nan ɗaya ke ja, ɗaya ake ja, kuma nauyin daga baya yake tafiya gaba. Wanda ya kawo mangala ma matsalar ke nan, ita dama da hagu take daidaitawa.

5/ Abin da zuciyata ta kwanta a kai shi ne raba-nauyi. Ƙirar kalmar tamu ce tun asali: raba-gardama, share-fage, fasa-ƙwauri. Aikatau a gaba, abin da aka yi wa aikin a baya. A rubutu na farko a ce mahaɗin raba-nauyi, daga nan a taƙaita. Kuma ku lura, raba na ce, ban ce rage ba. Wani ya ba da rage-nauyi, wannan kuwa suna ne mai haɗari, domin ƙarfen ba ya cire ko kilo ɗaya, ba ya kuma ƙara wa mota ƙarfin jan abin da kamfaninta bai yarje mata ba.

6/ Na gwada kalmar a sashen kula da kaya, nan ne ake gane ko suna zai rayu. "A shafa giris a dunƙule da kuma inda sandunan raba-nauyi ke juyawa a kai." Ta zauna. "A duba notocin raba-nauyi kafin tafiya, a ɗaure su daidai ƙarfin da kamfani ya rubuta." Ita ma ta zauna. Akwai wani wuri da na daɗe a kansa: a samfura irin Equal-i-zer, sandar tana goga maƙalinta ƙarfe da ƙarfe, da gangan, domin gogayyar ce ke hana tirela kaɗa wutsiya. Shi ya sa take kuka idan ana shan kwana a hankali. Ka duba wurin bayan an yi tafiye-tafiye, za ka ga fenti ya tafi, ƙarfen ya yi ƙyalli, baƙar ƙura tana manne a yatsa. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma ba ko'ina ake danƙara wa giris ba, sai inda takardar ta nuna.

7/ Wannan ya kai ni ga garanti, kalmar da ba na neman canza ta tunda kowa ya san ta. Abin da ke buƙatar suna shi ne abubuwa biyun da garanti ke bambantawa. Na farko na kira shi lahanin ƙira: walda ta tsage, ko ƙarfe ya karye alhali ba a wuce masa nauyi ba. Shi kamfani ke musanyawa, galibi ga wanda ya saya da farko kuma yana riƙe da rasidi. Na biyu cin aiki: ramin ƙusa da ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai, zoben sarƙa da ya sirance, tsatsa. Wannan yawanci na mai kaya ne, ko da an rubuta masa garantin har abada. Ina jin ciwon yadda mutum zai ɗauki hoton ƙarfen da aiki ya cinye ya aika, a dawo masa da a'a, bai ma san dalili ba, don ba a taɓa faɗa masa bambancin da harshensa ba.

8/ Baba ya sake rubutowa cewa ya yarda, amma shi a bakinsa karkiya zai ci gaba da cewa. Ba laifi, Baba, ni ma ba zan yi maka gyara ba. A takardar dai na rubuta raba-nauyi. Saura lilon da tirela ke yi idan babbar mota ta wuce ta ko iska ta buge ta a gefe. A yanzu na sa tangaɗi, kuma shafi na gaba duk a kansa yake.