Riƙon da ake yi don rai

Binta: Salamu alaikum. Yayana da ke harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin su bitcoin, kullum bakinsa "hold on for dear life". Me Turawa ke nufi da ita? Muna da irinta?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Riƙo ne na wanda ya san in ya saki, tasa ta ƙare. Kalmar "dear" a nan ba ta buɗe wasiƙa ba ce, abu mai daraja take nufi, wato rai. Ki ɗauka ɗan acaɓa mai ganganci ya goyo ki, kin ƙanƙame ƙarfen baya har yatsunki sun sage. To shi ne. Yawanci ma da zolaya suke faɗa, ba sai ana bakin mutuwa ba.

Sadiku: Kamun kazar kuku ke nan, Malam.

Malam Habu: Ina! Kazar ita ake kamawa, mai ƙarfi ne ya damƙi marar ƙarfi. Nan kuwa mai riƙon shi ne a tsorace.

Hajiya Ladi: Ni dai wadda ta faɗo mini: wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Malam Habu: Ta fi kusa, Hajiya, amma da sauran gyara. Tamu hankalinta na kan abin da aka kama, mutum ya rasa zaɓi har ya rungumi abin da zai yanke shi. Tasu ba ruwanta da wannan, ko igiya ce mai kyau. Tsananin riƙon kawai take kwatantawa.

Sadiku: Binta, na yayanki daban ne. A Disambar 2013, farashin bitcoin na faɗuwa, wani ya rubuta a Bitcointalk, wani dandalin hirar masu bitcoin a intanet, cewa shi ba zai sayar ba. Garin rubuta "holding" ya rubuta "hodling", shi da kansa ya ce ya ɗan kora barasa. Daga baya aka ɗauki kalmar HODL daga wannan kuskure aka ɗinka mata jimlar "hold on for dear life", wai taƙaitawarta ce. Tuntuɓen yatsa ne, ba hikima ba.

Hajiya Ladi: To Malam, ai ka ga takobin nawa. Kuɗinka na narkewa, kai kana ƙara damƙewa.

Malam Habu: A wannan gurbin kam na sallama miki.

Binta: Zan faɗa wa Yaya, amma sai ranar da kasuwa ta tashi. Yau ko gaisuwa ba ya amsawa.