Wai gicciye ne alamar Damagaram?

Ɗan Birni: Jama'a, abin nan ya ci mini rai. Baƙo ya nemi tsaraba a kasuwar Dole, aka miƙa masa gicciyen azurfa, wai shi ne alamar Zinder, wato Damagaram ɗinmu. Garin da yaro ke sauke Alƙur'ani a yi masa zayyana ja da tsanwa a allo, a zaga da shi dangi? Mu Hausawan Damagaram allo ne tambarinmu.

Ɗan Maƙera: Yaya, ba na coci ba ne fa. Adon Buzaye ne, iri 21 ake lissafawa a Nijar, Agadas da Tawa da Zinder kowa da nasa. Faransawa suka laƙaba masa sunan gicciye. Babana da ke ƙera shi ba ya rasa sahun gaba.

Babarbariya: Dakata. "Mu Hausawa" su wa? Gidan sarautar Damagaram na Barebari ne, Borno ake kai wa gaisuwa a da. Karatun allon da kake taƙama da shi ma, ina gardawa ke zuwa nemansa in ba gabas ba?

Ɗan Birni: Hajiya, da wane yare kika rubuto wannan?

Babarbariya: Da wanda za ka gane, ƙanena.

Na Zango: Ku 'yan Birni sai cika baki. Sarkin Damagaram Tanimun ya zagaye ku da ganuwa, amma ayari a unguwarmu ta Zango yake sauke kaya a da. Ku zo ku ga dagi a bangon gidajenmu.

Mai Kabu-kabu: Ni dai hoton Shehu Ibrahim Inyass ne a tankin mashin ɗina. Mai neman alama ya tsaya bakin tasha ya ƙirga.

Ustazu: Allah ya shirye ka. Mutumin Kaulaha ta Senegal, ya rasu tun 1975, shi ne alamar Damagaram?

Mai Kabu-kabu: Izalarku a Jos aka kafa ta a 1978, ita ce 'yar gida? Kuma Malam, dala arba'in ɗina na ran Juma'a har yanzu shiru.

Ustazu: A nan za ka yi mini tallar bashi?

Shugaban zaure: To, ya isa haka, an rufe. Kowa dai ya yarda Birni ne tushe, allo ne alama. Zancen Zango babu hujja. Mai son allo mai zayyana ya same ni kusa da ƙofar fada bayan la'asar.

Babarbariya: Wa ya yarda?