Garin omonmu ƙura yake yi, wane inji ke mayar da shi tsaki-tsaki?

Baban Walida, Jidda:
Assalamu alaikum. Muna da ƙaramin wurin haɗa omo a Sina'iyya, unguwar masana'antu, masu wankin kaya da otal-otal muke sayar wa. Da injin gauraya gari da ake kira ribbon mixer muke gauraya sinadaran soda ash, salfet da ruwan salfonik. Yana wanki sosai, amma laushinsa kamar fulawa, ana buɗe buhu sai atishawa. Idan ya kwana biyu a sito kuma raɓar Jidda ta daskarar da shi. Hasumiyar busarwa irin ta manyan kamfanoni ta fi ƙarfinmu. Me zan saya?

Injiniya Sabo, Dammam:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba sai ka gina hasumiya ba. Ribbon mixer juyawa kawai yake yi a hankali, ba ya cura gari. Nemi mai farantai masu kama da bakin garma, irin na Lödige na Jamus, da wuƙaƙe masu gudu a gefe suna fasa manyan curi. 'Yan Sin ma suna ƙera irinsa da sauƙin kuɗi.

Asirin yana wajen zuba ruwan. Kamar dambu ne: yayyafi ake yi ana murzawa. Salfonik ya shiga da feshi, garin yana cikin juyawa. Da ya taɓa soda ash zai yi zafi ya fitar da iska, shi ne kuma ke manne ƙwayoyin. Ruwan sinadarin silikat kaɗan ya biyo baya. In ka kwarara da bokiti, taɓo za ka kwasa.

Ummu Anas, Makka:
Yaya, ka sanar da kwastomominka tun wuri. Na hasumiya lita ɗaya ba ta cika wuce giram 500 ba, curarre kuwa yana haura 600. Buhunka zai fi na manyan kamfanoni ƙanƙanta, masu awo da kofi su ce ka rage musu.

Injiniya Sabo:
Gaskiyarki, Hajiya. Sannan Alhaji, wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Sin 50Hz. Ka sa su rubuta 60 a takardar ciniki, ka kuma gama da SABER, wato rajistar ingancin kayan da ake shigowa da su Saudiyya, kafin kaya su iso tasha.

Baban Walida:
Allah ya saka da alheri. To daskarewar fa?

Injiniya Sabo:
Kada a ɗura shi da ɗumi. Ya huce, ya bi ta rariya, manyan a niƙa su koma inji. Buhun kuma ya zama mai leda a ciki.