An gama da kemo, ko da saura? Muhawara kan magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon daji

Sani: Jama'a, ni dai na ce zamanin kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin daji kai tsaye, ya wuce. A 2022 asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York ya fitar da sakamakon gwajin dostarlimab, wani maganin zaburar da garkuwar jiki, kan masu ciwon dajin dubura. Mutum 12 na farko, duka ƙarin ya ɓace, ba tiyata ba gashin radiyeshan. Me kuma ake jira?

Dakta Hauwa: Sani, labarin gaskiya ne, amma zaɓo su aka yi. Ƙwayoyin dajinsu irin waɗanda ba sa iya gyara kurakuran DNA ne, shi ya sa garkuwar jiki ke saurin gane su. Masu irin wannan ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu dajin dubura ba. Kuma ciwon nasu bai riga ya bazu zuwa hanta ko huhu ba.

Malam Bashir: Allah ya saka, Likita. Ni tsoro ma abin ke ba ni. A 2006 a Landan an yi wa mutum shida masu ƙoshin lafiya allurar gwaji ta wani maganin zaburar da garkuwa mai suna TGN1412, garkuwarsu ta haukace, duka aka kwashe su zuwa sashen kulawa ta musamman.

Sani: Malam, wannan ai tsohon zance ne. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, fa? A 2015 dajin fata ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, aka ba shi irin wannan magani mai suna pembrolizumab, sai da ya cika shekara 100.

Dakta Hauwa: An kuma yi masa tiyata da gashi, kar ka tsallake su. Amma a dajin fata kana da gaskiya, can ne abin ya fi ban mamaki. Ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwar jiki, suna da birki, daji kuma ya iya taka musu shi. Maganin shi ne yake sakin birkin, aikin da ya sa aka ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. A da wanda dajin fata ya bazu a jikinsa da wuya ya shekara. A gwajin da aka haɗa irin waɗannan magunguna biyu, nivolumab da ipilimumab, kashi 43 cikin ɗari suna raye bayan shekara 10. Sai dai a dajin pankiriyas kusan bai taɓuka komai ba, kuma a dajin huhu sau da yawa tare da kemo ake bayarwa.

Malam Bashir: To illar fa?

Dakta Hauwa: Tana nan. Garkuwar kan juya wa hanji, huhu ko tayiroid da ke maƙoshi. Wani gudawa ce ba tsayawa, wani ya koma shan maganin tayiroid har abada.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri na katse ku. Yayana an ce ya shiga gwajin wani sabon magani, mataki na farko, don kemo ya daina yi masa aiki. Mu yarda?

Sani: Ku yarda mana, Hajiya!

Dakta Hauwa: A'a Sani, ba namu ba ne mu yanke. Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Matakin farko yawanci ana neman sanin adadin da jiki zai iya ɗauka ne, ba alkawarin warkewa ba. Ku tambayi likitansa ko an auna ƙarin an ga alamar zai karɓi maganin, da abin da za a yi in illa ta taso da dare. Kuma yana da damar fita duk ranar da ya ga dama.