Gara na cinye dashen ɗalibanmu, ina mafita?

Assalamu alaikum. Ni malamin aikin gona ne a wata firamare cikin garin Sakkwato. Mun sa dashen itatuwa cikin darasi, kowane aji da nasa: dogon yaro, zogale da bagaruwa. A watan Yuli muka dasa, da damina ta zauna, suka kama lafiya lau.

Awaki mun yi maganinsu da shingen ƙaya. Ruwa ma akwai, na alwalar yara muke tarawa mu zuba da yamma. Gara ce ta hana mu sakat. Tun da ruwan sama ya ɗauke a Oktoba ta shiga saiwa, ganye ya koma rawaya, in ka ja dashe sai ya tuge ba saiwa. Zogale ya fi shan wuya. Mun barbaɗa toka, mun kwashe karan da muka shimfiɗa a gindi, duk da haka ta dawo. Maganin feshi kuwa ba na so, yara ke taɓa ƙasar da hannu.

Don Allah me zan sa a gindinsu da zai kori gara ba guba, kafin zafin Afrilu mai haura digiri 40?