Suwaitar ɗan wata shida ta fito kamar ta jinjiri, ina matsalar take?

Maman Biyu, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum masu saƙa. Ina neman taimako kafin hunturu ya kankama. Ina bin wani tsarin saƙa na Ingila da na samo a intanet, na suwaitar yaro ɗan wata shida. Tsarin ya ce a tashi bayan rigar da ido 56 (wato madaukan zaren da ake ɗorawa a kan allura), allura mai milimita 4, ulu mai alamar DK, wato mai matsakaicin kauri. Na tashi da ido 56 cif, amma da na auna faɗin sai na ga santimita 20 kacal, alhali zanen ya nuna 25. Ulun a kasuwar Sabon Gari na saya, irin siririn nan mai laushi wanda babu takarda a jikinsa, allurata kuma lamba 10 kawai aka buga mata. Ga gefuna sai naɗewa suke yi kamar tabarma. Ƙananan dunƙule biyu da na saya kuma sun kusa ƙarewa, ban fara hannun rigar ba tukuna. In warware ne, ko akwai dabara?

Malama Mai Saƙa, Samaru:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba ki yi kuskuren ƙirga ba. Ido 56 ɗin nan lissafin mai tsarin ne da ulunta da allurarta da hannunta, ke kuma duka ukun naki daban ne.

Mu fara da allura. Lambar allura iri uku ce. A tsohon lissafin Ingila, lamba tana hawa allura tana sirancewa: lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 10 milimita 3.25. A na Amurka kuwa lamba tana hawa allura tana kauri: lamba 6 ita ce milimita 4, lamba 10 milimita 6. Tunda saƙarki matsewa ta yi, taki ta Ingila ce, wato 3.25. Na ukun shi ne na milimita, ki riƙa bin sa kawai, shi ne ba ya ruɗa mutum.

Sai ulu. Wanda ake kira DK, a allura mai milimita 4, yakan ba da kamar ido 22 a santimita 10. Ki duba farkon tsarin, za ki ga an rubuta hakan a wani ɗan layi da yawancinmu muke tsallakewa don ɗokin farawa. Raba 56 da 22, ki ninka da 10, kin samu santimita 25 da ɗoriya. Ke kuma ido 56 ya ba ki santimita 20, ke nan ido 28 kike samu a santimita 10. Gaba da baya idan an haɗa, kewayen ƙirji zai tsaya a santimita 40. Wannan awon ɗan kwana arba'in ne, kuma ko shi ba zai daɗe a ciki ba.

Don haka warwarewa ta zama dole, sai haƙuri. Amma kafin ki sake tashi, ki yi saƙar gwaji. Ki ɗora ido 40, ki saƙa layin gaba da layin baya (layi ɗaya ta fuskar saƙar, na biye ta bayanta) har tsawon ya kai santimita 12 ko 13, ki rufe. Ki wanke ta yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ta bushe. Sannan ki ɗora tef a tsakiya, kada ki ja, ki soka fil biyu tsakaninsu santimita 10, ki ƙirga idanun da ke tsakani. Kada ki haɗa da na gefe, kullum a karkace suke. Rabin ido ma ki ƙirga shi, domin rabin ido a santimita 10 idan ya zagaya jikin riga sai ya ci kusan santimita guda. Ki juya tef ɗin a tsaye ki ƙirga layuka su ma.

Idan 28 ɗin ya tabbata, lissafin shi ne 2.8 sau 25, ido 70. Ki ƙara biyu na ɗinkin gefe, 72. Robar ƙasa, wato saƙar bakin rigar mai miƙewa ta koma, idan mai ido biyu gaba ido biyu baya za ki yi, tana son adadin da zai rabu huɗu-huɗu ya bar biyu, don gefe da gefe su yi daidai. Saboda haka ki tashi da 70, ki yi robar santimita 3, a layin ƙarshe ki ƙara ido biyu.

Tsawo kuma kada ki bi yawan layin da aka rubuta. Idan mai tsarin tana samun layi 30 a santimita 10 ta ce a yi layi 45, santimita 15 take nufi. Ke idan 36 kike samu, layi 54 ne zai kai ki wurin. Tef ɗinki ya zauna kusa da ke.

Mai Ulu, Sabon Gari:

Hajiya, daga wajen masu sayarwa ga abin da zan ƙara. Siririn ulun nan idan kika riɓanya shi biyu yana kusantar kaurin DK, sai ki ɗauki allura mai milimita 4 ko 4.5 ki bi tsarin yadda yake ba tare da sabon lissafi ba. Gwajin dai sai kin yi shi, don ba kowane siriri ne yake zuwa daidai ba.

Batun ƙarewar ulu, ki saya gaba ɗaya a tashi ɗaya, daga leda ɗaya. Kamfani yana rina zare rukuni-rukuni ne, mai takarda za ki ga lambar launi da lambar rini a jiki. Launi ɗaya ne amma idan lambar rini ta bambanta, sai an saƙa za a ga layi ya raba su, musamman shuɗi mai haske da ruwan hoda da ruwan madara. Marar takarda kuwa ido ne kawai zai raba gardama. Ki zo da guntun naki, a fito da su bakin shago a haɗa a hasken rana. Ƙwan lantarkin cikin shago yana ɓoye bambanci.

Sanin yawan da za ki saya ba wuya idan kina da ƙaramin sikeli irin na masu yin kek. Ki ɗora saƙar gwajin. A ce faɗi 12 tsawo 12 ce, wato 144, ta yi giram 7. Bayan riga 25 sau 26 ya ba da 650, gaba ma haka, hannu biyu kamar 540, jimilla 1,840. Raba da 144, kusan 13, sau 7, giram 90 ke nan. Ki ƙara na wuya da ɗinki da ɓarna, ki sayi giram 110 zuwa 120. Idan riɓi biyu za ki yi, a riɓin za ki yi gwajin ki auna.

Abu ɗaya kuma: duk da muna cewa ulu, mafi yawan na kasuwa na roba ne, wanda ake rubuta wa akirilik. Ki yanko ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a kan faranti. Na roba zai narke ya dunƙule baƙi mai tauri. Gashin tunkiya na gaske zai yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Auduga kuma ƙaurin takarda take yi.

Goggon Yara, Ƙofar Doka:

Malam mai ulu ya yi bayani, Allah ya saka. Amma riɓi biyun nan ban goyi baya ba ga ɗan wata shida. Sanyin Zariya na asuba ne da dare. Da hantsi ya ɗaga ko a tsakiyar Janairu rana tana da zafinta, ulun roba kuma ba ya shan gumi. Yaro yana goye a baya, ga zani ga suwaita mai kauri, sai ƙurajen zafi a wuya da hammata. Siririn shi ne daidai da mu, a sa ’yar shimi ta auduga a ciki. Lissafin Malama na minti biyar ne, ’yata, ki yi shi.

Naɗewar gefe ba laifinki ba ce, halin saƙar ce. Duk saƙar da fuska ɗaya gaba zalla ce ɗayar baya zalla, gefen dama da hagu za su naɗe zuwa baya, sama da ƙasa su naɗo gaba. A riga ba abin damuwa ba ne, ɗinkin gefe da robar ƙasa za su riƙe ta. Inda take ɓata aiki shi ne shawul da mayafin wuya, wanda babu ɗinki. Can sai ki bar ido biyar a kowane gefe kina yi musu saƙar gaba a kowane layi, haka layi shida na farko da shida na ƙarshe.

Don Allah kada ki ce za ki kwantar da ita da dutsen guga. Ulun roba da ya ji zafi sai ya saki, ya yi ƙyalli, ya kwanta lakwas, kuma ba ya dawowa har abada. Na gawayi ya fi ɓarna tunda ba a iya rage masa zafi. Idan ya zama dole, ki shimfiɗa, ki rufa da tsumma mai laima, ki riƙe dutsen sama da shi kamar yatsa biyu, tururi kawai ya shiga.

Wurin da na fi so ki kula shi ne wuya. Kan yaro ɗan wata shida ya kai santimita 42 zuwa 44, kusan daidai da ƙirjinsa. Suwaita da yawa an gama su tsaf amma kai ya ƙi shiga, yaro na tsala kuka uwa na ja. Abin da ke kawo haka layin rufewa ne, shi ba ya miƙewa kamar sauran saƙar. Ki rufe wuyan da allurar da ta fi taki kauri da milimita ɗaya, hannu a sake. Ki bar kafaɗar hagu a buɗe ki sa maɓalli uku, ki ɗinke su da zaren ɗinki riɓi biyu sosai, domin a wannan watan komai baki yake kaiwa. Igiya a wuya kuwa kada ki sa ko ta ado ce.

Idan ulu ya ƙare, a farkon layi ake haɗa sabo, ki bar jela santimita 12 kowane ɓangare, daga baya ki ɓoye su cikin ɗinkin gefe. Ƙulli a tsakiyar ƙirji sai ya leƙo waje a wanki na biyu. Idan kuma sabon ulun ya ɗan bambanta, ki yi layi biyu da tsoho, layi biyu da sabo, har layi goma, ido ba zai kama inda aka sauya ba. Ko ki bar sabon ya tafi hannu biyu gaba ɗaya.

Ulun da za ki warware zai fito a cukurkuɗe kamar taliyar leda, kuma idan kika saƙa shi haka idanun ba za su jeru ba. Ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki tsoma a ruwa mai ɗumi kaɗan, ki rataya a inuwa ya bushe, sannan ki dunƙule shi a sake. Ita rigar kuma idan an wanke ba a murɗe ta, ba a rataya ta a igiya. A naɗe cikin tawul a danne, a shimfiɗa a cikin ɗaki saboda ƙura.

Hannunki ma yana da nasa. Kaushin hunturu yana kama zaren nan ya tayar masa da gashi. Man kaɗanya da dare za ki shafa, ba lokacin da za ki ɗauki allura ba, don yana bin ulu mai haske ya bar tabo.

Maman Biyu, Tudun Jukun:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi gwajin, ido 28 ne, layi 36. Amma Malama, da na ƙura ido na ga layi ɗaya ƙafafun idon a buɗe suke, layi na biye kuma sun harɗe kamar almakashi. Haka ya kamata? Sannan yaya zan lissafa hannu?

Malama Mai Saƙa, Samaru:

Madalla da kika lura, wannan ma yana cikin abin da ya matse miki saƙar. A layin baya kina zagaya zaren ta ƙarƙashin allura maimakon ta samanta, sai idon ya zauna a juye. Da kika dawo layin gaba kika soka ta ƙafar gaba, sai ya murɗe. Ido murɗaɗɗe ba ya miƙewa, kuma yana sa riga ta yi tauri. Gyaran iri biyu ne, ki zaɓi ɗaya: ko ki sauya yadda kike zagaya zaren a layin baya, ko ki bar hannunki yadda ya saba, a layin gaba ki riƙa soka allura ta ƙafar da ta fi kusa da bakin allurar, wadda a wajenki ita ce ta baya. Na biyun ya fi sauƙi ga hannun da ya riga ya saba.

Bayan gyaran ki sake gwaji, domin awon zai iya buɗewa. Idan ya koma 26, bayan riga ido 65 ne da biyu na ɗinki, 67, sai ki tashi robar da 66 ki ƙara ɗaya.

Hannu a lissafin 28: wuyan hannu santimita 14, ki tashi da ido 38 don robar ta rabu daidai, ki yi santimita 3, a layin ƙarshe ki ƙara biyu su zama 40. Saman hannu santimita 20 ne, ido 56. Bambancin 16, kina ƙara ɗaya a dama ɗaya a hagu, sau takwas ke nan. Tsawon da ya rage santimita 13, kusan layi 48, don haka ƙari a kowane layi na shida, kullum a fuskar gaba. Kada ki yi ƙarin a idon bakin gefe, ki shigo ido ɗaya ciki, gefen ya zauna sumul don ɗinki. Kafin ki haɗa, ki auno santimita 10 daga kafaɗa zuwa ƙasa a gaba da baya ki soka fil, tsakiyar saman hannun ya hau kan ɗinkin kafaɗa, bakinsa biyu su sauka kan fil ɗin.